Shekara Biyu da Injin Stihl MS 381 a Wurin Sayar da Itace a Jos

Sana'ata sayar da itacen girki ce, kuma filina yana wani lungu kusa da hanyar Bauci a cikin garin Jos. Masu saye a wurina sun haɗa da gidajen burodi guda biyu, da masu tsire, da matan da ke toya masa, da kuma magidanta masu zuwa da baro su ɗauki na mako guda. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kayayyaki suka yi ta tashi har da iskar gas ta girki, sai na ga fuskokin da ban taɓa gani ba a filina, ciki har da ma'aikatan gwamnati da suka ajiye tukunyar gas suka koma murhu. Ciniki ya ƙaru, amma aikin yanka gungume ya fi ƙarfin gatari, shi kuwa mai injin haya sai ya ga dama yake zuwa. Na fara sayen wani ƙaramin inji mai araha da ba shi da wani sanannen suna, bai cika wata biyar ba ya kwanta, na sake tabbatar da cewa araha ba ta ado. Daga nan na tara kuɗi na sayi injin yanka itace mai sarƙa, Stihl MS 381, na hannu daga wani mai harkar katako da ke barin sana'ar, kuma shi nake son in yi sharhi a kansa bayan shekara biyu ina aiki da shi.

Kamfanin Stihl na Jamus ne, Andreas Stihl ya kafa shi a 1926, kuma hedikwatarsa tana Waiblingen kusa da birnin Stuttgart. Wannan samfuri yana da inji mai girman cc 72.2 da ƙarfin kilowat 3.9, nauyinsa kuma kilo 6.6 ne kafin a ɗaura masa sarƙa da dogon ƙarfen da take zagayawa a kai, wanda ni nake kira takobi. Nawa takobin santimita 50 ne. Abokan sana'a da yawa sun so in sayi Stihl 070, wato babban injin nan da masu tsaga katako a daji suka fi amincewa da shi, amma shi nauyinsa ya haura kilo 10, an yi shi ne domin manyan bishiyoyi, ni kuwa aikina datse gungume ne gunduwa-gunduwa daga safe zuwa azahar. Wanda zai wuni a sunkuye yana ɗaga inji yana saukewa ya san cewa bambancin kilo huɗu ba abin wasa ba ne, bayansa ne zai gaya masa da daddare. Ko wannan ɗin ma ba na ɗaukarsa mara nauyi, kuma ba zan ba yaro ɗan shekara goma sha biyar shi ba.

A wajen yanka ba ni da abin cewa sai yabo. Mafi yawan itacen da nake samu turare ne, wanda wasu ke kira zaiti, domin an dasa shi da yawa a tsaunin Filato, musamman a filayen da haƙar kuza ta lalata a wajen Bukuru da Barikin Ladi. Sai kuma mangwaro da malaina da darbejiya da ake sarewa idan za a yi gini, da marke da a-kori-kura ke kawo mini lokaci-lokaci daga wajen Toro. Ɗanyen turare da malaina injin yana ratsa su kamar wuƙa a cikin kabewa. Busasshen marke ne ke gwada ƙarfin kowane inji, shi ne ya kashe na farkon, amma wannan yana shiga cikinsa ba tare da muryarsa ta dusashe ba, muddin sarƙar tana da kaifi. Da sanyin safiya a watan Disamba da Janairu, lokacin da Jos ke sa mutum ya ƙi taɓa ruwa, nakan rufe cok in ja igiya sau uku ko huɗu, ya yi tari, in buɗe in sake ja, ya tashi.

A makonnin farko na ɗauka an cuce ni, domin injin yana fitar da hayaƙi fiye da kima, fulogi yana yin baƙi, kuma ba ya kaiwa ƙarshen gudunsa. Na kai shi wurin wani dattijon bakanike a Dilimi, ya tayar da shi ya saurara, sannan ya tambaye ni inda tsohon mai shi yake aiki da shi. Na ce a dazuzzukan kudu. Ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, injinka lafiyarsa ƙalau, iskar Jos ce bai saba da ita ba." Bayaninsa shi ne garin nan yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, iska ba ta da kauri kamar ta ƙasa, saboda haka kafiretar da aka saita a can takan ba injin fetur fiye da iskar da zai ƙona shi da ita. A jikin kafiretar akwai sukurori uku masu alamar H da L da LA: na farko na babban gudu ne, na biyu na ƙaramin gudu, na uku kuma na tsayuwar inji yana aiki ba a taɓa shi ba. Ya ɗan murɗa na H kaɗan ƙwarai, muryar injin ta washe nan take. Na ce, "Baba, ashe abin da sauƙi, gobe ni ma zan iya." Ya ɗaure fuska ya gargaɗe ni cewa idan aka matse wannan sukuru fiye da ƙima, injin zai yi ƙara mai daɗi da gudu mai ban sha'awa, amma man da ke sanyaya fistin ya ragu, kuma ƙarshensa ƙonewa ne. Tun daga ranar ban taɓa kai hannu wurin ba.

Ɓarnar da ta fi ci mini kuɗi daga gidana ta fito. Irin wannan inji ba shi da tankin man juye daban kamar mota, a cikin fetur ake zuba masa mansa, kuma ƙa'idar kamfanin ita ce kashi 50 na fetur da kashi 1 na man da aka yi musamman domin irin waɗannan injuna, wato mililita 20 a kowace lita, ko 100 a jarka mai lita 5. Wata rana na tafi ɗaurin aure, ɗan ƙanwata da ke taya ni aiki ya ga haɗin ya ƙare, ya sayi fetur a wurin 'yan bumburutu, ya tsiyaya masa ragowar man janareta da ido, ya ci gaba da yanka. Kafin la'asar injin ya tsaya cak, igiya ta ƙi jawuwa. Da aka kwance salansa aka leƙa, fistin ya yi zane-zane kamar an kankare shi da ƙusa. Abin da yaron ya iya cewa shi ne, "Kawu, wallahi na zuba mai," kuma gaskiya ya faɗa, sai dai ba man ba ne, ba kuma ma'aunin ba ne. Sauya fistin da silinda ya cinye ribar kusan wata guda. Yanzu da sirinji nake auna man, ni kaɗai nake haɗawa a jarka mai jan fenti, kuma ba na haɗa abin da zai wuce mako guda, ko da yake littafin injin ya yarda a ajiye haɗin har kwana 30.

Idan aka tambaye ni abu ɗaya da ke raba mai cin riba da mai asara a wannan aiki, zan ce wasa sarƙa ne, ba girman inji ba. Itacen da ke zuwa filina an ja shi a ƙasa, ɓawonsa cike yake da yashi da jar ƙasa, ga ƙurar hunturu a kai, kuma bishiyoyin cikin gari sukan ɓoye ƙusoshi da waya da aka ɗaura musu shekaru da suka wuce har nama ya rufe su. Taɓa ƙasa sau ɗaya da bakin takobi ya isa ya dakushe haƙoran gaba ɗaya. Alamar tana ƙarƙashin ƙafarka: sarƙa mai kaifi tana zubar da ɓarɓashi manya-manya, dakusasshiya kuwa gari take fitarwa kamar dusa, sai ka ga kana danna injin da ƙarfi, yana zafi, yana shan fetur, aikin kuma ba ya tafiya. Sarƙata mai tazarar inci 3/8 ce, magagarin da ya dace da ita zagayayye ne mai kaurin milimita 5.2, ana riƙe shi a karkace da digiri 30, ana turawa daga ciki zuwa waje kawai, kuma kowane haƙori a ba shi adadin gugar da aka ba ɗan'uwansa. Na ɓata sarƙa guda kafin hannuna ya faɗa, domin na fi ƙarfi a ɓangaren dama, haƙoran gefe ɗaya suka fi na ɗayan gajarta, injin ya riƙa yanka a karkace kamar mai maye. Akwai kuma ɗan tudun da ke gaban kowane haƙori, wanda ke iyakance zurfin cizonsa. Ya kamata ya kasance ƙasa da haƙorin da milimita 0.65, kuma yayin da haƙora ke gajarta saboda wasawa dole a riƙa rage shi da shimfiɗaɗɗen magagari. Mutane da yawa ba su san da wannan ba, suna wasa sarƙa har ta yi walƙiya amma ta ƙi ci. Wasu kuma suna zaftare tudun da yawa don ta yi sauri, sai injin ya koma fizga da tsalle. Ni dai duk lokacin da na cika tanki sai na bi haƙoran da guga biyu ko uku, abin da bai fi minti biyar ba.

Kan man sarƙa muna da saɓani da abokan sana'a. Kusan kowa baƙin mai yake zubawa, wanda aka juye daga mota, domin kusan kyauta ake samunsa. Na yi haka na wata uku, sai na lura ramin takobin yana cinyewa da wuri, famfon man yana toshewa, kuma gundumomin suna fita da ɗigon baƙin mai a jikinsu, alhali wannan itace a ƙarƙashin tsire da burodin mutane zai ƙare. Na daina. Sauran kulawar ba ta da wuya: a goge matatar iska da buroshi kowace yamma a lokacin hunturu, a share ramin takobi da hujin mai, a juya takobin sama ya koma ƙasa duk lokacin da aka wasa sarƙa sosai, a duba tazarar bakin fulogi ta tsaya a milimita 0.5, sannan a sauya ƙaramin garen da ke jan sarƙa bayan an cinye sarƙa biyu.

Kayan gyara suna samuwa a Jos, wanda yana cikin dalilan da suka sa na zaɓi wannan suna, sai dai kasuwa cike take da jabu masu launi ɗaya da kwali ɗaya da na asali. An taɓa sayar mini da sarƙa a rabin kuɗi, kullum sai ta saki an sake ɗaure ta, kuma ba ta yi mako uku ba. Na asali suna da tsada, kuma tsadar tana bin dala.

Sau ɗaya birkin sarƙa ya cece ni. Ina datse wani gungume a cikin tsibi, saman bakin takobi ya taɓa wani reshe a baya, injin ya yi tsalle zuwa fuskata da saurin da ban iya kwatantawa ba, birkin ya kama, sarƙar ta tsaya. Injin farko da na saya birkinsa ya lalace tun a wata na biyu, na ci gaba da aiki da shi a haka, kuma har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi. Yanzu ba na yanka a cikin tsibi, sai an mirgino gungume an ɗora shi a kan wani, kuma ina sa tabarau da safar hannu da abin toshe kunne, domin ƙarar irin wannan inji ta haura desibel 100, kuma kurumtar da take jawowa a hankali take zuwa.

Abin da ban hango ba kafin saye shi ne injin zai warware matsala ɗaya ya tura ni ga ta gaba. A wuni guda yana datse abin da masu faskare biyu za su kwana uku suna fasawa, saboda haka yawancin mako a rataye yake yana jiransu. Turare kuma dole a faskara shi yana ɗanye, idan ya bushe a dunƙule sai ya ƙi gatari. Ga batun bushewa: ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma daga Yuli zuwa Agusta, lokacin da ruwan Jos ba ya ɗaukewa, mai gidan burodi ba zai karɓi itacen da ke hayaƙi yana kumfa ba. Rumfar kwano da na kafa, da katakon da na shimfiɗa don ɗaga itacen daga ƙasa, sun ƙara mini ciniki a damina kusan kamar yadda injin ya yi a rani. Haka nan inji ba ya samar da itace, kuma ba na karɓar lodin da direbansa ba shi da takardar ma'aikatan gandun daji.

Wanda ke sayar da 'yan ɗaure-ɗaure a ƙofar gida, haya ta fi masa sauƙi. Wanda ke sauke a-kori-kura biyu ko uku a mako, kuma zai riƙe magagari da sirinji da hannunsa, injin zai mayar masa da kuɗinsa, ni nawa ya mayar a cikin shekarar farko duk da fistin da muka ƙona. A ranakun da masu faskare suka yi mini nisa a baya, nakan ɗauke shi in je in datse wa wasu masu itace biyu a Farin Gada su biya ni, amma ba na ba da aronsa, ko ga wanda muke sallah a sahu ɗaya. Idan wannan ya tsufa, MS 382 nake da niyyar nema, wanda girman injinsu ɗaya amma ya ɗan fi shi sauƙin nauyi, ko da yake dattijon Dilimi ya duba silindar a watan jiya ya ce in bar maganar tukuna.