Kodak Tri-X na Super 8, yadda ya nuna min fatar mace

Na daɗe ina ɗaukar ƴan gajerun finafinaina da waya, ba labari ba jarumi, ni da ƙawayena ne kawai, hannu, wuya, yadda mace take zama in ta san ba wanda ke auna ta da ido. Matsalar waya ita ce goge fata da take yi, ta mai da ita sumul kamar roba, tabon da nake so ya fito sai in neme shi in rasa. Shi ya sa na gwada Tri-X na Super 8, wato fim ɗin kamfanin Kodak baƙi da fari da ake sakawa a ƙaramar kyamarar fim, sai an wanke shi ake ganin hoto.

Kodak ne suka fito da Super 8 a 1965, har yau katirijin, wato ɗan akwatin da fim ɗin ke ciki, ƙafa 50 ne, in kina ɗauka a firem 18 duk daƙiƙa minti 3 da daƙiƙa 20 ne ya ƙare, kuma ba sauti. Da farko na ɗauka wannan zai takura ni, ashe shi ne gyarana, don yanzu ba na danna kyamara sai na tsaya na kalli mutum sosai.

Yayata na fara ɗauka, tana zaune bakin taga bayan ta fito wanka tana taje kai. Wallahi da na ga hoton sai da jikina ya yi yarr, ɗigon ruwa a kafaɗarta yana ƙyalli, ƙwayoyin fim ɗin nan ƙanana suna motsi a kan fatarta kamar fatar ce ke numfashi, layukan da haihuwa ta bar mata a hannu duk sun fito, ba tsiraici ko kaɗan amma kana jin ɗumin jikin. Ita kanta ta yi shiru can ta ce "ashe haka nake". Kuma ita ta zaɓi inda zan tsaya da abin da ba zan ɗauka ba, ni dai ba na kunna kyamara a kan mace sai da haka.

Sai dai fa ku kula da haske. Fim ɗin ribasal ne, wato abin da aka wanke shi ne hoton kai tsaye, ba negatif ba ne da za a gyara daga baya, in kin yi kuskuren haske ya tafi kenan. Ƙarfinsa na kama haske, wato ISO, 200 ne a hasken rana, 160 a fitilar tangstan, irin ƙwan lantarkin nan mai haske ruwan ɗorawa. Katirij ɗina na biyu na bar mitar kyamara ta auna farin bangon da ke baya, fuskar ƙawata ta koma inuwa zalla, laifina ne. Mai duhun fata a auna hasken daga fuskarta.

Wankin ne ke cin rai, inda na tura sai da suka riƙe min shi sati shida. Duk da haka na sake yin odar katirij guda uku, hannayen mahaifiyata nake so in ɗauka.