Digiri, difloma ko kwas ɗin intanet: wace ƙofa ce ta mai son aikin laburaren yara?

Duk wanda ya taɓa leƙa sashen yara na laburare ranar Asabar ya san aikin ya wuce jera littattafai. Wannan yana jan rigarka sai ka ba shi labarin Gizo da Ƙoƙi, waccan tana kuka an ƙwace mata kwamfutar hannu, ga shi an ɗauke wuta. In wannan hayaniyar ba ta kore ka ba, sai a zo batun takarda, kuma a nan ne ake asarar kuɗi da shekaru.

Babbar ƙofa ita ce digiri. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buɗe sashen ilimin laburare tun 1968, Jami'ar Bayero ta Kano da ta Maiduguri ma suna da nasu. Shekara huɗu ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, uku ga mai difloma ko NCE da aka ɗauka kai tsaye aji biyu. Dalilin da ya sa nake fifita shi ɗaya ne: hukumar rajistar ma'aikatan laburare ta Najeriya (LRCN), wadda dokar 1995 ta kafa, digiri a wannan fanni take nema, na farko ko na gaba, kafin ta yi wa mutum rajistar ƙwararre. Sai dai kada a ruɗe ka. Yawancin karatun kan tsara kundin littattafai ne da laburaren manyan makarantu, adabin yara kuwa sau da yawa kwas ɗaya ko biyu ne ake bi ta kansa a wuce.

Difloma ta foliteknik ta fi sauƙi ga aljihu, shekara biyu ka fito, kuma hannunka ya saba da aiki. Amma a aikin gwamnati layin mai difloma daban yake da na mai digiri, ko da ya ƙaro babbar difloma. Matakala ce, a hau ta a wuce.

Akwai ƙofar da ba a cika magana a kanta ba. Malamar firamare mai digirin koyarwa tana iya komawa ta yi karatun gaba da digiri a fannin laburare. A ganina irin waɗannan sun fi kowa dacewa. Wadda ta shekara biyar tana fama da 'yan aji biyu ta san lokacin da yaro ya daina saurare tun kafin ya fara mutsu-mutsu, ta san inda za ta sauya murya ta dawo da shi. Ba a koyar da wannan a zauren lacca.

Kwasa-kwasan intanet fa? Shaidarsu ba ta maye gurbin digiri, don haka kada ka zuba kuɗi mai yawa don takarda kawai. Abin da za ka koya ma galibi kyauta ne: manhajar Koha ta lissafin littattafai da masu aro, da shafuka irin su African Storybook da Bloom, inda akwai littattafan yara na Hausa da za ka sauke, ka buga a takarda, ko ka rubuta naka. A inda data ke tsada, iya sauke littafi hamsin a waya ɗaya ya fi kowace satifiket amfani.

Kafin ka biya kuɗin fom, tambayi makarantar ko hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta amince da kwas ɗin (hukumar NBTE ce ta foliteknik), kwas nawa suke da shi kan yara da laburaren makaranta, kuma ina suke tura ɗalibai sanin makamar aiki. Ka kuma sani guraben "ma'aikacin laburaren yara" zalla ba su da yawa. Makarantun kuɗi, hukumomin laburare na jihohi da ƙungiyoyin tallafa wa ilimi ne suka fi ɗauka. Je laburaren jiha mafi kusa, ka roƙi a ba ka Asabar huɗu kana karanta wa yara, sannan ka sayi fom ɗin.