Gyaran daji don farautar barewa a Amurka: me za ka fara saya, me za ka bari a kanti?

Da watan Agusta ya kama, kantunan kayan noma da na farauta a Amurka, irin su Tractor Supply da Cabela's, sai su cika da buhunan iri masu ƙyalli, kowanne da hoton namijin barewa mai ƙaho reshe-reshe. Gefensu ga gangunan watsa masara, ga dunƙulen gishirin lasa, ga kyamarorin da ake ɗaurewa a jikin itace. Abin da ya kafa wannan kasuwa shi ne, a dokar Amurka barewar daji ba ta mai fili ba ce, ta jama'ar jiha ce, hukuma ke riƙe da amanarta. Ko eka ɗari ka mallaka, barewar da ta kwana a filinka yau, gobe in ta tsallaka shinge ta zama rabon maƙwabci. Dabara ɗaya ta rage wa mai fili, ya sa wurinsa ya fi na kusa abinci da mafaka. A jiha kamar Texas, inda fiye da kashi 90 cikin ɗari na ƙasa ke hannun masu zaman kansu, wannan harka ta zama sana'a.

Kanti yana tallan abin da zai jawo barewa gaban maharbi a Oktoba da Nuwamba. Yunwar barewa kuwa ba a watannin nan take ba. Namiji yana zubar da ƙahonsa tsakanin Janairu da Maris, sabo ya tsiro ya yi ta girma har ƙarshen Agusta. A yawancin jihohin arewa barbara tana tsananta a Nuwamba, namiji ya yi ta bin mata bai damu da kiwo ba, ya shiga hunturu a rame. Mace tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 200, ta haihu a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni. Saboda haka a Michigan ko Wisconsin wahala tana zuwa ne a Fabrairu da Maris, lokacin da kitse ya ƙare kuma ganye bai fito ba. A Georgia ko Alabama ƙarshen lokacin zafi ne, ciyawa ta tsufa ta yi tauri, uwa kuma tana shayarwa. Kafin ka ciro katin banki, ka san wane wata ne filinka ke zama wayam. Watan za ka yi wa sayayya.

Sayayya ta farko ba ta da hoton barewa a jiki: gwajin ƙasa. Ka tona wurare da dama a fegin, zurfin inci shida ko ƙasa da haka, ka gauraya a bokitin roba, ka kai ofishin malaman gona na ƙaramar hukumarka, wanda ke ƙarƙashin jami'ar jiha. Kuɗin bai kai na ƙaramin buhun iri ɗaya ba. Ƙasar da aka sare daga kurmi sau da yawa tsaminta ya yi yawa, ma'aunin pH yana ƙasa da 6, a irin wannan ƙasa kuwa takin zamani asara ne, saiwa ba ta iya shansa yadda ya kamata. Magani shi ne farar ƙasa ta noma, iri biyu ake sayarwa. Akwai gari da ake kawowa a babbar mota a auna da tan, yana da araha sosai, amma sai in mota za ta iya shiga har gonar. Akwai kuma mai ƙwaya-ƙwaya a ƙananan buhuna, ya fi tsada nesa ba kusa ba, sai dai za ka ɗora shi a babur mai ƙafa huɗu ka kai shi tsakiyar daji. Kowanne ka zaɓa, yana ɗaukar watanni kafin ya gyara ƙasa, don haka wanda zai yi shuka a Agusta tun Maris ko Afrilu ya kamata ya watsa.

Sai iri, inda kuɗi ya fi salwanta.

Farar kuloba, wata gajeriyar ciyawa mai ganye uku-uku, ita ce zan ba wanda ke da fegi ɗaya tak. Shuka ɗaya tana kai shekaru in an kula da ita, tana cikin abin da ke fara yin kore bayan hunturu, kuma da yake dangin wake ce tana samar wa kanta naitirojin, ba ta buƙatar yuriya. A arewa ana watsa ta a Fabrairu ko Maris a kan ƙasa kawai ba huɗa: ƙasa ta daskare da dare, ta narke da rana, ta haɗiye ƙwayar da kanta. Aibinta biyu ne. Tana son a riƙa yanke ciyawar da ke neman rufe ta, kuma in fari ya yi tsanani a Yuli sai ta kwanta. Shi ya sa ake gauraya ta da cikori, wani ganye mai doguwar saiwa da ke jure fari. Kamfanin Whitetail Institute, wanda Ray Scott ya kafa a 1988, shi ya yi suna da kulobar barewa, amma nau'in ladino da ake aunawa a shagon ƙungiyar manoma ma yana aiki.

Dangin kabeji, wato tanif da radish da makamantansu, na mai tunanin Disamba da Janairu ne. Ana shuka su wata biyu zuwa uku kafin sanyi mai daskarar da raɓa ya sauka. Ganye ya ƙare, barewa ta tono kan da ke ƙarƙashin dusar ƙanƙara. Ƙwayarsu ƙanana ce ƙwarai, sabon shiga yakan cika hannu, shuka ta matse ta tsumbure. Laba 10 ta yi wa eka yawa. Suna cin taki, ba a maimaita su a wuri ɗaya fiye da shekara biyu saboda cututtukan saiwa, kuma akwai yankunan da barewa ba ta saba da su ba, sai ta shekara tana wuce su.

Hatsi masu son sanyi su ne mafi sauƙi: alkama, ots ɗan uwan alkama, da wanda ake rubuta cereal rye a buhunsa. Barewa tana son ots, amma sanyin arewa yana kashe shi. Shi kuwa cereal rye yana tsirowa ko ƙasa ta kusa daskarewa, yana jure ƙasa mai tsami, kuma shi ke fara kore a Maris daidai lokacin yunwa. In ka makara, ko fari ya cinye shukar Agusta, shi za ka watsa a Satumba ko Oktoba ka ceci shekara. A nan ne tarko yake. Akwai wata ciyawa mai suna ryegrass, sunan ya yi kama amma ba abu ɗaya ba ne. Ita ake cika buhunan nan masu araha da ake cewa ka watsa kawai ka tafi. Tana tsirowa da sauri, fegi ya yi kore shar, mai fili ya ɗauki hoto, amma kyan ɗan maciji ne: barewa ba ta damu da ita sosai ba, kuma in ta zubar da 'ya'ya, musamman a kudu, raba ta da gona aiki ne.

Na lokacin zafi su ne waken soya da wake. I, waken namu da asalinsa na Afirka ne, a kudancin Amurka ana shuka shi musamman don barewa, saboda yana jure zafi da ƙarancin ruwa. Matsalarsu daɗi. A fegin da bai kai eka biyu ko uku ba, inda barewa ke da yawa, za a cinye su tun suna ganye biyu. Ko ka shuka da faɗi, ko ka ƙara kuɗin shingen lantarki har su yi ƙarfi, ko ka haƙura da su. Akwai kuma wata doguwar dawa da ake kira Egyptian wheat, ita ba don ci ba, ana jera ta a bakin fegi ta zama labule tsakanin barewa da titi, ko tsakaninta da hanyar da maharbi ke bi.

Kowane buhu ka ɗauka, ka juya bayansa. Dokar iri ta tarayya ta 1939 da dokokin jihohi sun wajabta a manna takarda mai faɗin abin da ke ciki: kashi nawa ne kowane iri, kashi nawa ke tsirowa, yaushe aka gwada, nawa ne ba iri ba. Ka duba layin rufin da ake yi wa ƙwaya. Rufin yana da amfani ga kuloba, amma nauyi ne da kake biya. A ce buhu laba 10 ne, rufi kashi 34, ka ga iri laba 6.6 ne; in kashi 80 ke tsirowa, abin da ka saya da gaske bai wuce laba 5 da 'yan kai ba. Da wannan lissafin za ka kwatanta farashi. In ranar gwajin ta wuce shekara, ka ajiye buhun. Bayan shuka kuma, ka kafa ɗan kejin waya mai faɗin taku ɗaya a tsakiyar fegin. In cikin kejin ya kai gwiwa, waje kuma kamar an aske, irin ba shi da laifi, barewa ce ta fi ƙarfin gonar, sai dai a ƙara fili ko a rage matan barewa a lokacin farauta.

Gangar masara fa? Ita ce hanya mafi gajarta, kana saita agogo tana watsa hatsi safe da yamma. A Texas halal ce a filin mutum, kuma a busasshen kudancin jihar, inda shuka ba ta da tabbas, tana da hujja. Amma kafin ka tambayi farashi ka tambayi doka, har ta ƙaramar hukuma. Dalili shi ne cutar CWD, wadda aka fara gani a Colorado a 1967, yanzu kuma tana cikin fiye da jihohi 30. Gurɓataccen furotin ne ke lalata ƙwaƙwalwa, yana fita ta yawu da fitsari da kashi, yana shekaru a cikin ƙasa, ba shi da magani. Tara barewa su sa baki wuri ɗaya yana taimaka masa. Tun da aka gano cutar a Wisconsin a 2002, jihar ke hana zuba abinci a ƙananan hukumomin da abin ya shafa, Michigan ta hana a duk kudancin jihar daga 2019, Illinois ma ta hana. Gishirin lasa a jihohi da yawa hukuncinsa ɗaya da masara, kuma ni ban ga dalilin sayensa da fatan ƙaho ba: shekaru da abinci ke yin ƙaho. Ko inda doka ta yarda, masara ba abincin ceto ba ce. Barewar da cikinta ya saba da tohon itace a tsakiyar hunturu, in ta cika shi da masara farat ɗaya, tsami yana iya kashe ta. Masarar da ta jiƙe tana yin fumfuna mai gubar afalatoksin, wadda manoman gyaɗa suka sani. Wani kaso kuma aladun daji da wata 'yar dabba mai ɓarna da ake kira rakun ne za su cinye.

Tsakanin tarakta da zarto mai inji, in kuɗin abu ɗaya ne, zarto zan saya. Barewa ba ta cin abin da bakinta bai kai gare shi ba, kurmin da rassa suka rufe sama kuwa ƙasansa fayau yake, ba abinci ba maɓoya. In aka sare wasu itatuwa rana ta sauka, ƙaya da toho da ganye za su fito da kansu, a eka goma ko ashirin, ba a ɗan fegi ba, kuma suna nan duk shekara. Lokacin aikin Janairu zuwa Maris ne. A jihohin arewa ta tsakiya ana gargaɗin kada a ji wa oak, wani babban itacen kurmi, rauni daga Afrilu zuwa Yuli, saboda ƙwarin da ke yaɗa cutar da ke busar da shi. Ka kira malamin gandun daji ya zaga kafin ka tada inji, wataƙila itacen da za ka kayar yana da kuɗi wurin masu katako, kuma hukumar NRCS ta ma'aikatar noma tana da shirin EQIP da ke raba kuɗin irin wannan aiki da mai fili. Hular kwano da wandon kariya ka lissafa su cikin farashin zarton. Tarakta kuwa, mai eka biyu ba ya buƙatarta. Babur mai ƙafa huɗu da injin feshi da na watsa iri sun isa, kuma ofisoshin kula da ƙasa da ruwa na ƙananan hukumomi da yawa suna ba da hayar injin shuka ba huɗa. In kana da injin yankan ciyawa, ka ajiye shi daga ƙarshen Mayu har Yuni ya fita: ɗan barewa ba ya gudu, lafewa yake yi a cikin ciyawa.

Kyamara iri biyu ce. Mai kati ta fi araha, amma duk zuwan da ka yi cire katin ka bar warinka a wurin. Mai turo hoto ta waya tana hutar da kai, sai dai akwai kuɗin wata, kuma sai inda sabis yake. A sanyi batirin litiyam ne ke jurewa. Arizona ta haramta amfani da su wajen farauta daga 2022, Kansas ta hana a filayen gwamnati a 2023.

Itatuwa masu 'ya'ya sayayyar mai haƙuri ce. Farin oak yana iya shekara 20 kafin ya yi 'ya'ya, amma shekarar da ya zuba da yawa barewa takan bar gona ta koma gindinsa. Wanda ya fi sauri shi ne fasimon na Amurka, ɗan uwan kanya, 'ya'yansa suna faɗuwa daidai lokacin farauta. Yana da namiji da mace, macen ce ke haihuwa, don haka wanda aka yi wa aure a gandu, aka tabbatar mace ce, ya fi tsada da dalili. Kowane dashe yana buƙatar kejin waya mai tsayin kafaɗa, in ba haka ba za a cinye tohonsa a Yuni, ko namiji ya goge ɓawonsa da ƙaho a Oktoba. Gandun dashe na jihohi suna sayar da ƙananan itatuwa ɗauri-ɗauri a farashi mai sauƙi; na Missouri da ke garin Licking yana fara karɓar oda a Satumba, kuma nau'in da ake rububi yakan ƙare da wuri. Ƙananan fasimon ɗin da suke sayarwa ba a tantance jinsinsu ba, sai ka dasa da dama wuri ɗaya, in sun fara fure ka rage mazan.