mknod, mkfifo ko soket, wanne za ka ɗauka kafin ka fara rubutu?

Jama'a masu taɓa C ko Python a kan Linux, in kana son shirye-shiryenka guda biyu su riƙa miƙa wa juna bayanai, ko kuma kana son ƙirƙirar fayil ɗin na'ura a cikin /dev, za ka ga kaya iri uku a gabanka, kuma da yawa mknod suke fara ɗauka don sunansa ya fi kama da na manya. To a gaskiya yawancinmu ba shi muke buƙata ba.

mknod dai kira ne kai tsaye zuwa ga kanel, wato zuciyar Linux mai kula da na'urori, kana ba shi hanyar fayil da yanayi da lambar na'ura. In ka sa S_IFCHR ya yi maka fayil ɗin na'urar haruffa, S_IFBLK na diski, S_IFIFO kuma bututu mai suna, wato fayil ɗin da wani shiri ke zuba bayanai ta baki ɗaya wani ya ɗauka ta ɗaya bakin. Lambar na'urar da makedev ake haɗa ta, babba da ƙarama, misali /dev/null 1 da 3 ne, /dev/zero 1 da 5, /dev/sda kuma 8 da 0. Amma fa fayil ɗin na'ura sai kana root, wato mai cikakken iko, ko kana da izinin CAP_MKNOD, in ba haka ba EPERM, kuskuren rashin izini, kawai zai watso maka. Kuma POSIX, ƙa'idar tsarukan Unix, da kanta ta ce amfanin mknod da za ka dogara da shi a kowane tsari shi ne yin bututu kaɗai, sauran kowa da yadda ya ga dama.

To in bututun ne kake so me zai kai ka can? mkfifo na nan, hanya da izini kawai yake karɓa, ba ya neman root, a glibc ma, wato laburaren C na Linux, shi yake kiran mknod ɗin a ɓoye ya rage maka wahala. Ka ɗauki mknod don bututu ɗaya kamar ka yi hayar tifa ce don buhun gero ɗaya. Sai dai ka san halin bututun kafin ka amince masa, domin nan ne mutane suke shan mamaki. In ka buɗe shi don rubutu zai tsaya cak har sai wani ya buɗe ɗaya bakin don karatu, kai kuma kana zaune kana zaton shirinka ya sandare alhali jira yake, in kuma ka sa O_NONBLOCK don kar ya jira, babu mai karatu, sai ya ba ka kuskuren ENXIO. Mai karatu ya rufe kana cikin rubutu, siginar SIGPIPE ta zo ta kashe shirin ba sallama. Cikinsa a Linux bayit 65536 yake ɗauka in ba ka canza ba, kuma rubutun da bai wuce 4096 ba shi kaɗai aka lamunce ba zai cakuɗe da na wani ba in marubutan suna da yawa. Hanya ɗaya yake bi. Masu karatu biyu kuwa kar ma ka fara, kowa zai fizgi abin da ya samu ne. Ka tuna da umask kuma, mai rage izinin sabon fayil, ka ce 0666 ka duba ka ga 0644, ba aljani ba ne.

Wani abu, filash ɗin da aka yi wa FAT32 ko exFAT ba ya karɓar bututu sam, ka yi shi a /run ko wani wuri a kan ext4.

Soket na Unix shi nake ba wa duk wanda aikinsa tambaya da amsa ne. Yana kaiwa yana kawowa, kowane baƙo da layinsa daban, kana iya sanin wanda ya haɗu da kai ta SO_PEERCRED, shi ya sa Docker da PostgreSQL suke amfani da shi. Kuɗinsa shi ne yawan rubutu, socket da bind da listen da accept, sannan sunan hanyar wuri ne na bayit 108 kawai a Linux, kuma ba za ka iya gwada shi da echo da cat cikin sauƙi kamar bututu ba. In ka ga ka fara yin bututu biyu ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa, malam ka tsaya, soket kake nema. In kuma shirin ne ya haifi ɗan'uwansa da fork, pipe mara suna ya isa, ba fayil ɗin da za ka share daga baya.

Maganar /dev kuwa, tun Linux 2.6.32 a 2009 devtmpfs na cikin kanel ke ƙirƙirar fayilolin na'ura da kansa, shirin udev ya bi ya gyara izini da sunaye, don haka in ka jona waya ko modem ba ka ga fayil ɗinsa ba to matsalar direba ce, ko ka yi mknod da hannu buɗewar ba za ta yi ba tunda babu kowa a bayan lambar. Inda mknod yake da rana shi ne in kana haɗa ƙaramin initramfs, wato tsarin fayil na farkon tayar da Linux, kana buƙatar /dev/console, 5 da 1, ko ƙaramin allon kwamfuta mai BusyBox, wato tarin ƙananan umarnin Linux, ko chroot, wato keɓaɓɓen tushen fayil, na ceto. Nan ma ka duba kar a ce an hau da wurin da nodev, zaɓin da ke hana amfani da fayilolin na'ura, fayil ɗin zai fito amma ba zai buɗu ba. A cikin kwantenar Docker kuma ko mknod ɗin ya yi, cgroup, mai iyakance abin da kwantena ke taɓawa, zai hana ka taɓa na'urar, gara ka ba ta --device tun wajen tayarwa.