Dandalin Kyauta Ne, To Me Za Ka Biya Wa Kuɗi?

Babu mai tare ka a bakin Dandalin Tsohon Gari na Firag a ƙasar Cek, ko dandalin Grand-Place na Burusel a Beljiyam, ya ce kawo kuɗin shiga. Amma tun kafin ka haɗa jaka, masu sayar da rangadi sun baje maka hajarsu a intanet: motar yawon buɗe ido mai hawa biyu, rangadin ƙafa cikin ayari, ɗan rakiya naka kai kaɗai, tikitin hawa hasumiya, otal mai taga a kan dandali. Ba kowanne ne ya cancanci kuɗinka ba.

Motar nan ita ce ta farko da zan cire. Tsofaffin dandali sun girmi mota da ɗaruruwan shekaru, kuma da yawansu an hana ta shiga. Plaza Mayor na Madrid, wanda aka kammala a 1619 zamanin Sarki Philip na III, gine-gine ne suka kewaye shi ta ko'ina, da ƙafa ake shiga ta ƙofofi masu siffar bakan gizo. Motar za ta sauke ka can gefe ne ka ƙarasa da sayyadarka. Tana da amfani ga mai son zaga dukan birni a yini ɗaya, amma in dandalin ne ya kawo ka, asarar kuɗi ce.

Inda kuɗi ke aiki da gaske shi ne wajen bayani, domin dandali ba ya ba da labarin kansa. A Firag, kusa da ginin majalisar birni, akwai fararen alamun gicciye 27 a jikin daɓen ƙasa. Dubban mutane ke taka su kullum ba su sani ba, alhali wurin ne aka zartar wa shugabannin boren Bohemiya (yankin da Firag take) su 27 hukuncin kisa a 1621. A Burusel kuwa, wanda ya ga gidajen nan masu ado da ruwan zinariya zai ɗauka tun fil'azal haka suke. Ina! Sojojin Faransa sun yi wa wurin ruwan igwa a 1695, mafi yawan abin da kake gani sake gina shi aka yi cikin 'yan shekarun da suka biyo baya. Irin wannan ne ɗan rakiya ke buɗe maka ido a kai.

Sai dai wane irin ɗan rakiya? Rangadin ayari da ake kira "na kyauta" ba kyauta ba ne: a ƙarshe kowa zai ba da abin da ya sawwaƙa, da shi mai rakiyar ke cin abinci. Alherinsa shi ne sai ka ga aiki kafin ka biya. Illarsa taro. In kun yi yawa kuma kana baya, rabin maganar iska ce za ta kwashe, kuma ba za a tsaya jiran mai ɗaukar hoto ba. Ɗan rakiya na kanka ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma in ku huɗu ne ko biyar kuka raba kuɗin, ko akwai tsoho ko yara a cikinku, ya fi. Kafin ka biya, tambaye shi ko tikitin gidajen tarihi na cikin kuɗin, kuma ko akwai "tsayawa a shago" a tsarin, don wasu kamasho suke karɓa. Akwai kuma bayanin murya da ake saukewa a waya. Shi ne mafi araha, kuma ga mai tafiya shi kaɗai ya wadatar, sai dai ba ya amsa tambaya.

Tikitin hasumiya kuwa, in akwai, saya. Daga ƙasa bangaye kawai kake gani, daga sama ne siffar dandalin ke fitowa, da yadda tituna ke kwarara cikinsa. Hasumiyar majalisar Firag ta kai kusan mita 70, kuma akwai lif. Shahararren agogon taurarin da ke jikinta, na 1410, kallonsa kyauta ne. Motsin mutum-mutumin da jama'a ke cincirindo dominsa a kan kowace awa bai cika minti ɗaya ba, kuma a daidai lokacin da kowa ya ɗaga kai sama ne 'yan sane ke nasu aikin, saboda haka hannunka a kan aljihu. A Zócalo, babban dandalin birnin Meksiko, abin biya yana ƙasa ne: kufan Templo Mayor, babban wurin bautar Aztek, mutanen da suka mulki yankin kafin zuwan Turawa, wanda aka fara tonowa sosai bayan ma'aikatan lantarki sun ci karo da wani ƙaton sassaƙaƙƙen dutse a 1978.

Otal mai kallon dandali daɗin hoto gare shi, ba daɗin barci ba. Zócalo wurin gangami ne da kaɗe-kaɗe, kuma daren 15 ga Satumba, jajibirin bikin 'yancin kai, shugaban ƙasa ke fitowa barandar fada gaban taron da ya cika filin maƙil. Kama ɗaki bayan titi biyu ko uku, ka rage kuɗi, ka iso da ƙafa da sanyin safiya kafin ayarin baƙi.

Ko me ka zaɓa, duba kalanda kafin ka biya. Dandalin Tiananmen na Beijin ba a shiga sai an yi rajista tun kafin ranar, kuma da fasfo a hannu. Jan Dandali na Mosko akan rufe shi a kwanakin shirin faretin soja na 9 ga Mayu. Templo Mayor ba ya buɗewa ranar Litinin. A Burusel, duk bayan shekara biyu a watan Agusta ana shimfiɗa kafet na furanni a tsakiyar Grand-Place, otal-otal su cika, farashi ya tashi. Shi ya sa tikitin da ake iya sokewa a mayar maka da kuɗinka, ko da ya ɗan fi tsada, shi zan ɗauka.