Taswirar mulki ko ta ƙabilu: wacce za a rataya a falo?

Wata 'yar'uwa a zauren nan ta ce ta gama gyaran falonta, tana son tsohuwar taswira a bangon da ke kallon ƙofa, amma ta rasa wacce za ta ɗauka: mai nuna wane gari ke bin wane sarki, ko mai nuna mazaunin kowace ƙabila. Hajiya, duka biyun sun taɓa hawa bangona, ga abin da na gani.

A ɓangaren mulki, wadda na fi so ita ce ta tafiyar Heinrich Barth, Bajamushen nan da aka sani da Abdulkarim, wanda ya shiga Kano a 1851. August Petermann ne ya zana taswirorinsa, aka buga su a 1857 da 1858. A ciki za ki ga Sakkwato da Gwandu da Borno da Adamawa, da rubutun sunaye irin na lokacin, kamar Gando da Katsena. Abin da ya fi kama ni shi ne babu iyakar Najeriya da Nijar ko kaɗan, domin Ingila da Faransa ba su ja wannan layi ba sai tsakanin 1890 da 1906. Mubaya'a ce ke raba ƙasa. Katsina na bin Sakkwato, Maraɗi da ke kusa da ita ta ƙi, Damagaram kuma Kukawa, babban birnin Borno, take kai gaisuwa. Ranar da kawuna ya ziyarce ni, bai ko zauna ba. Ya gyara tabarau, ya ɗora yatsa a kan gilashin, ya bi hanyar daga Tasawa zuwa Gazawa zuwa Katsina, yana ba ni labarin fataucin kakanmu har shayinsa ya huce.

Tana da nata aibin. Wuraren da Barth bai taka ba, daga bakin fatake da alhazai ya ji su. Kuma layin da aka zagaye daula da shi ya fi gaskiyar lamarin tsafta, don ikon sarki yakan yi ta raguwa ne in an nausa daji ko an hau duwatsu irin na Ningi.

Ta ƙabilu kuwa, wadda aka fi gani ita ce ta George Murdock, Ba'amurke, ta 1959, wadda ta yanka Afirka gida fiye da 800. Ta fi ɗaukar ido daga nesa, musamman in an cika ta da launi, sai ki ce atamfa aka shimfiɗa. To amma kowane gida suna ɗaya aka ba shi, kuma nan ne raina bai kwanta ba. Ki duba birnin Kano kaɗai: ga Tudun Nufawa, ga Ayagi ta Yarbawa, ga Zangon Barebari, ga Dandalin Turawa inda Larabawa suka zauna. Duk taswirar ta haɗiye su a suna guda. Bafulatanin da ke cin rani a wani wuri ya yi damina a wani fa, wane gida za a sa shi? Sau biyu baƙi suna ɗaga murya a falona a kan wa ya riga wa zama a wani yanki, sai na mayar da ita ɗakin karatu.

Don haka ni dai ta mulkin nake ba ki shawara, in kina son baƙo ya matso ya karanta.

Ta asali tana da tsada da wuyar samu, don haka ki sauke hoto mai kyau daga intanet, a buga miki a takarda marar ƙyalli, girman A1, domin sunayen ƙanana ne. A sa ta a gilashi, a rufe bayan sosai saboda ƙurar hunturu da gara. Kada ki rataya ta inda hantsi ke dukanta, launin zai koɗe, ko a bangon da ke tsattsafo da damina. In kuma Allah ya haɗa ki da ta asali, kada a manne ta cikin leda da zafi, kada salatif ya taɓa ta.