Mai na ɗiga a bayan motar daji: me za ka saya, me za ka bari?

Motar shiga daji irin Hilux, Land Cruiser ko Jeep Wrangler tana da wurare da dama a ƙarƙashin bayanta da ke iya zubar da ruwa ko mai, kuma kowanne da kuɗin gyaransa. Shi ya sa wanda ya ga ɗigo a ƙasa ya garzaya sayen oyil sil (zoben robar da ke hana mai fita) sau da yawa yakan dawo da abin da ba shi ne damuwar motar ba. Sai an san abin da ke zuba da inda yake fitowa sannan a zura hannu aljihu.

Hanci da yatsa sun wadatar a matakin farko. Ka shimfiɗa farin kwali a ƙarƙashin motar ya kwana. Idan abin da ya ɗiga mai kauri ne, yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, man difa ne, wato akwatin giyar da ke tsakiyar aksil mai raba juyi ga tayoyin biyu. Warin na sinadarin farar wuta ne da ake sawa a man giya don ya jure matsin haƙora. Idan tsinkakke ne, mai santsi, ba warin kirki, kuma ruwa na wanke shi, to man birki ne. Wannan kam ba a jan sa da wasa. A leƙa tankinsa, in ya ragu a ajiye motar har sai an gyara. Fetur da gas warinsu ke tona musu asiri. Shokazoba kuwa za ka ga jikinta ya jiƙe daga sama zuwa ƙasa, ƙura ta manne. Ruwa zalla da ke ɗiga daga bakin salansa da safe ba ciwo ba ne, raɓar hayaƙi ce. A sababbin motocin gas masu amfani da AdBlue, ruwan nan na tsabtace hayaƙi, yoyonsa kan bushe ya bar farin gari kamar gishiri.

Wajen gano mafitar, zaɓi biyu ne. Na farko kusan kyauta: a wanke ƙarƙashin motar tas, a bari ya bushe, a barbaɗa hoda inda ake zargi, a ɗan zaga da motar, sannan a haska da tocila. Layin man zai fito a jikin hodar. Na biyu shi ne sayen rinin nan da ake zubawa cikin mai, wanda ke ƙyalli idan an haska shi da fitilar UV. Yana da amfani idan yoyon ɗan tsattsafi ne, ko iska ta watsa man ko'ina har an rasa tushensa. Amma ga mai mota ɗaya, ni ban ga dalilin sayensa ba sai hoda ta gaza. Kuma rinin da aka yi don man inji ko na giya ba a zuba shi a man birki. Kowacce hanya ka bi, ka nemi wuri mafi tsayi kuma mafi kusa da gaba da ya jiƙe, domin mai ƙasa yake gangarawa, iska kuma baya take kai shi.

Yanzu ga abin da aka fi tsallakewa. A saman gidan aksil akwai 'yar ƙaramar kafar numfashi. Idan difa ta yi zafi, iskar cikinta na kumbura, ta nan take fita. Motar da ke shan laka da rairayi, wannan kafa takan toshe, sai matsin ya nemi hanya ta jikin sil, ya turo mai waje. Ka sa sabon sil ba ka buɗe kafar ba, yoyo zai dawo. Akwai kuma ɗaya ɓangaren: ka shigar da difa mai zafi cikin rafi, ta huce farat ɗaya, sai ta zuƙo ruwa. Alamarsa man ya koma fari-fari kamar an dama shi. A nan zaɓin shi ne ko ka wanke kafar ko ka sa sabuwa irinta, ko kuma ka sayi dogon tiyo da ke ɗaga numfashin zuwa sama can cikin jikin motar. Mai ƙetare ruwa a kai a kai, tiyon nan ya fi masa kusan duk abin da zai saya a wannan fanni. Wanda ba ya barin busasshiyar hanya, ta asalin ta ishe shi.

Idan an tabbatar numfashi lafiya, kuma jiƙon yana inda furofela ta haɗu da difa, sil ɗin finiyon ne, wato ƙaramar giyar da furofela ke juyawa a cikin difa. Akwai na kamfanin motar, akwai na sanannun masu ƙera sil, akwai kuma marasa suna masu araha. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma a wannan aikin kuɗin hannu ya ninka kuɗin sil, don haka ragin da za a samu bai taka kara ya karya ba. Robar ma iri-iri ce: ta nitiril takan jure zafin da bai wuce kimanin digiri 100 zuwa 120 ba, Viton kuwa tana kaiwa wajen 200. Mai jan tirela ko hawan duwatsu da kaya, Viton ta dace da shi. Kafin a ɗaura, a shafa wuyan ƙarfen da sil ke gogawa. In farce na maƙalewa a zanen da tsohon ya ci, sabon ma ba zai riƙe ba. Sai dai a sauya ƙarfen ko a sa masa siririyar riga irin Speedi-Sleeve ta SKF. Sannan notin finiyon ba a ɗaure shi da ka. A motoci da yawa shi ke daidaita matsin boris, ƙarin ɗauri kaɗan ya isa ya kashe su. Bakanike da ya yi wa notin alama kafin ya kwance, ya san aikinsa.

Idan kuwa man yana cikin taya ne, a bayan gangar birki, sai a sake sansana: ko sil ɗin aksil ne, ko silindar birki. In man giya ne, kada ka sayi sil shi kaɗai. Takalman birkin da suka sha mai ba sa wankuwa, sai sauyi, kuma gefe biyu tare. A kuma girgiza tayar, domin boris mai wasa shi ke cin sil tun farko.

Yoyon murfin difa ya fi sauƙi. Gasket na takarda yana da araha da saurin sawa, amma yana son fuska miƙaƙƙiya. Gam ɗin silikon na cike 'yan ramuka, sai dai dole ya zama wanda aka rubuta yana jure man giya, kuma a ba shi lokacin bushewa kafin a zuba mai. Murfin da dutse ya lanƙwasa, babu ɗayansu da zai cece shi. Wani lokacin ma siririn zoben da ke ƙarƙashin notin tsiyaye mai ne kawai ya gaji.

Ruwan kwalba mai iƙirarin tsayar da yoyo fa? Abin da yake yi shi ne kumbura robar da ta bushe. Zai iya rage zufar tsohon sil na ɗan lokaci, amma ba ya ɗinke wanda ya yage, ba ya gyara ƙarfen da ya ci.

Man da za a mayar, littafin motar ne ke da ta cewa. Galibi man giya ajin GL-5 ne, mai kaurin 75W-90 ko 80W-90, kuma difa mai LSD ta faranti (wadda ke rage sulɓin taya ɗaya) tana buƙatar man da aka rubuta mata, in ba haka ba ta riƙa yin ƙara a kwana. Man birki ma a bi abin da ke kan murfin tanki, DOT 3 ko DOT 4. DOT 5 na silikon ne, ba ya haɗuwa da su. A wajen cika difa, a fara kwance notin zubawa kafin na tsiyayewa, kada a wayi gari an zubar da tsohon mai sannan a tarar na saman ya ƙi motsi.